Kafin Likitan Ƙaramin Kulob Ya Tambaye Ka

Assalamu alaikum Abbana,

Da fatan ka samu kujerar gefen taga, kuma wanda ya zauna kusa da kai ba mai surutu ba ne irina. Allah ya kai motar nan lafiya, ya tsare direban da tayoyinsa, ya sauke ka a hannun mutanen kirki. Babanka yana gaishe ka. Ka san halinsa, da na ce zan rubuta maka saƙo cewa ya yi, "Ki ce masa ya riƙe sallah," ya ɗauki makullin tasi ya fice. To ga shi na faɗa maka.

Na san za ka ga tsawon saƙon nan ka ce Mama ta fara. Da murya na so in turo, amma na daɗe da gano ba ka sauraron saƙon muryata, dannawa kawai kake ka turo min hoton babban yatsa. Kuma da gangan na yi da Hausa. In na yi Turanci kai kake cinye ni a gardama, ina neman kalma ɗaya ka jero goma. Karatun Hausarka a hankali yake, tafiyar kuma da nisa, sai ka yi ta haɗa baƙi har ku isa. Ina shago yanzu, ba a fara zuwa kitso ba, Hajiya Rabi mai shagon ta tafi unguwar Bronx sayo gashin ƙari.

Bari in fara da abin da na gani, don kar ka ɗauka ban gani ba. Wasan gwajin nan na ƙarshe na hoki, wasanku na sanda a kan ƙanƙara, wanda kuka yi kafin babban kulob ya ce ka sauka ƙaramin kulob ɗinsu, a waya na kalla. Na jingina ta da kwalbar mai, hannuna cikin kan wata 'yar Jamaika. Na ga lokacin da dogon yaron nan ya haɗa ka da katangar fili. Kanka ne ya fara bugun gilashi kafin kafaɗarka. Ka tashi, eh, amma sai da ka dafa gwiwa, kuma bencin da ba naku ba ka nufa kafin ka juyo. Kyamara ta wuce, mai sharhi bai ce komai ba. Ni na yi ta mayar da bidiyon baya har matar ta ɗago ta ce ko lafiya.

Da ka zo gida haɗa kaya kuma, ka kashe fitilar kicin ka ci abinci a duhu. Tuwo da miyar kuka, ka bar rabi, kai da kake suɗe tukunya. Ka tambaye ni ina cajarka, na nuna maka, ba a jima ba ka sake tambaya. Ummi tana juya shayi, cokali yana bugun kofi, ka daka mata tsawa, kai da ba ka taɓa ɗaga wa ƙanwarka murya ba. Na ce, "Abba, ya kan naka?" Ka ja hula har ido ka ce, "Am gud, Mama. Lafiya lau."

Jibi likitan sabon kulob zai duba ka kafin su bar ka ka taka ƙanƙara. Zai tambaye ka ko kana ciwon kai, ko haske yana damun ka, ko ka bugu kwanan nan. Tsorona ka ba shi amsar da ka ba ni. Kuma ba zan ga laifinka sosai ba, don a bakina ka koyi amsar nan.

Ka tuna shekarar da na faɗi a tashar jirgin ruwa ta St. George? Kana firamare. An kira ni kitson amarya a Staten Island, gidan 'yan zangon Kumasi ne. Na sauka daga feri, jirgin da ke tsallakar da mutane ruwa, sanyi ya daskarar da matakala, ina riƙe da jakar gashi a hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma, kar ka yi dariya, waya. Ƙafata ta zame, ƙeyata ta bugi siminti. Da na buɗe ido mutane sun zagaye ni. Wata mata da kayan nas ta tsuguna ta ce in bi yatsanta da ido. Yatsa biyu nake gani. Amma abin da ya dame ni a lokacin, zanina ya ɗage kuma maza suna tsaye. Na miƙe ina gyara mayafi ina cewa lafiyata ƙalau, na gode, na gode. Ta ce in zauna a duba ni. Na ce amarya tana jira.

Mu haka aka rene mu. Ko mutum yana kwance a gadon asibiti da robar ruwa a hannu, aka ce ya jiki, cewa zai yi da sauƙi, alhamdulillahi. Gaisuwa ce mai kyau, ban ce ka bari ba. Kuskurena shi ne matar nan ba gaishe ni take yi ba, aiki take yi, ni kuma na amsa mata kamar mun haɗu a gidan suna.

Na je na yi kitson. Da na kai rabi gwaggon amarya ta leƙo ta ce, "Sista, wannan layin ina ya nufa, Kumasi ko Tamale?" Aka yi ta dariya, har da ni. Ban taɓa yin karkataccen kitso ba sai ranar. A feri na dawowa na yi amai, na ce ruwa ne, alhali na sha hawa jirgin nan ko jiri ban taɓa yi ba. Watanni na yi da ciwon kai. Na ƙona tukunya ba adadi. Har yau in na shiga babban kanti mai farar fitila sai na rage ido, kai ma ka sani, kana tsokanata wai ina yi wa madara harara. Da daga baya na je asibiti, likitar ta ce min abin da nake so ka riƙe: in hannu ya karye hoto zai nuna, in fata ta yanke jini zai nuna, amma irin wannan buguwar sau da yawa ba abin da ke nunawa sai abin da mai kan ya faɗa da bakinsa. Ta ce da na huta tun farko, da wataƙila bai ja haka ba.

To Abba, in ni na gaishe ka kana so ka amsa min da lafiya lau, amsa. Liman ya tambaye ka, ce masa lafiya lau. Amma in mutum yana riƙe da 'yar fitila yana haska maka ido, ka faɗa masa abin da ke akwai, ɗaya bayan ɗaya, har da tsawar da ka yi wa Ummi.

Na biyun ya fi min ciwo. Ka san yadda ka fara hoki: kyauta ake koya wa yara a filin ƙanƙarar unguwarmu, ni kuma wurin da zan ajiye ka bayan makaranta nake nema har in gama da kan mutane. Ban san za ka manne ba. Kana shekara tara, wani wasan safiyar Asabar, ka yi karo da wani yaro ka faɗi ta baya. Ka kwanta shiru. Uwar ɗayan yaron ta ruga har bakin ƙofa tana kiran sunansa. Ni kuwa Hajiya Rabi tana zaune kusa da ni, ga wasu matan garinmu biyu, kai kuma ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari a gaban mutane, ko sunanka na yanka ba na kira. Sai na zauna daram, na ɗaga murya na ce, "Tashi mana. Namiji ne kai."

Ka ji muryata, ka tashi. Aka tafa. Hajiya ta ce, "Kai, yaron nan akwai zuciya." Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, har kaza na saya maka a hanya. A bas ka yi amai a kan takalmina, na ce kazar ce.

Tun ranar na lura, duk lokacin da ka faɗi, kafin ka duba jikinka sai ka waiwayo inda nake. Ni na koya maka cewa saurin tashi shi ne abin yabo. Ina janye wannan darasin yau. Karar da na yi ta mutanen da ke gefena ce, ba ta amfane ka da komai ba. In ka bugu ka ji duniya tana juyawa, kwanta abinka har mai jakar magani ya iso. An kafa doka cewa a fitar da wanda ya bugu a kai a duba shi a ɗaki mai shiru, ba don raggwaye aka yi ta ba. Manyan da kake liƙa hotunansu a bango ma ana fitar da su.

Sai labarin hula, wannan kam ka sani, kullum sai ka ba abokanka su yi dariya. Inna ta aiko da laya daga Kano ta hannun wani mai zuwa, ta ce a sa maka a kusa da kai. Na duba hular kwanonka, ba wuri. Sai na ɗauki reza na yanke soson ciki ta gefen goshi, na cusa layar, na ɗinke da zare tsaf, har ina yaba hannuna. Kocinka na farko, dattijon nan mai farin gashin baki, ya juya hular ya duba ya ce, "Madam, wa ya yi wa hular nan tiyata?" Na ce addu'a ce daga kakarsa. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce addu'ar ta zauna a jakarka ko a aljihun riga, amma soson nan shi ne aikin hular gaba ɗaya, in babu shi kwano kawai ka kifa. Ya ɗauko wata daga sito ya ba ka.

Na kawo wannan ne don na ji kana gaya wa abokinka a waya wai abin kare wuyan nan da aka wajabta muku a ƙananan kulob yana shaƙe ka, wai wasu naɗe shi suke ƙasa ya zama kamar kwalar riga. Abba, abin da ke ƙarƙashin takalmanku wuƙa ce. Na ga bidiyon da na yi da na sanin buɗewa. Ka sa shi yadda aka yi shi, ka ɗaure igiyar haɓa ta kama, kar ka rage komai a kayan nan don jin daɗi. Ni da niyya mai kyau na rage, kuma da ka faɗi ta goshi a makon, niyyata ba za ta tare komai ba. Sannan za a samu masu zuga ka, su ce kai ƙato ne, ka yi dambe a fili manya su lura da kai. Wanda ya zuga ka gida zai tafi da haƙoransa cif. Ba dambe ya kai ka inda kake ba, gudu ne.

Yanzu ga wanda ya fi kusa, kuma ina jin shi ne yake danne maka baki.

Ranar da ka sa hannu a takardar babban kulob, ni ban fahimci tsarin ba. Makarantata a aji biyu na sakandare ta tsaya, takardar kuma ta fi littafin girki kauri. Na ga tambarin kulob, na ga sunanka, shi ke nan. Kafin ka gama ɗaukar hoto na sa a status, na tura guruf ɗin matan Harlem, na tura na 'yan uwa a Kano, na tura har na masu kitso. Na rubuta wai ɗana ya shiga babbar gasa, ku jira shi a talabijin. Ka gani, a gaban mutane ina kara, amma da waya ta shiga hannuna karar guduwa take. Ka ce min, "Mama, ba haka ba ne tukuna." Na ce ka bar ni in ji daɗina.

Sai daga baya, da na shiga guruf ɗin iyayen 'yan wasa, na gane. Da shagunan Hajiya Rabi na fahimta. Tana da namu na titin 125th, shi ne mai gilashi da kujeru masu juyawa. Tana da alaƙa da wani a Bronx, ba nata ba ne, yarjejeniya ce, in masu kitso sun yi mata yawa ta tura can, in wata ta yi rashin lafiya a nan ta kira ɗaya ta hau jirgin ƙasa ta zo. Shi na Bronx ɗin kuma yana da wani ƙarami da yake turawa. Haka kuke: babba, na tsakiya, na ƙasa. Kai yanzu na tsakiya za ka. Waya ɗaya za ta iya hawar da kai, waya ɗaya za ta iya saukar da kai. Wata uwa daga Kanada ta ce min ɗanta ya kwana biyu a wani gari, ya saba da mutane, sai babban kulob ya sauya abokin yarjejeniya, aka kwashe su gaba ɗaya zuwa wata jiha. Ita ce kuma ta faɗa min dabarar da yara suke yi, wai gwajin ƙwaƙwalwar da ake muku a kwamfuta farkon shekara sai su yi shi da sanyin jiki da gangan, don in sun bugu daga baya a gwada a ga kamar ba abin da ya canza. Ban tambaye ka ko ka yi ba. In ka yi, wannan ma ka faɗa wa likitan.

Ba zan yi maka ƙarya in ce faɗin gaskiya ba shi da asara ba. Na san za su iya zaunar da kai. Za ka yi ta tuƙa keken motsa jiki kai kaɗai, sannan a ba ka riga mai wani launi daban wadda ke nufin kar a taɓa ka, kana kallo wani yaro ya shiga gurbinka ya ci ƙwallo. Wataƙila in ka warke a ce ka sauka na ƙasa. Wataƙila wayar da kake jira ta zo a makon da kake zaune, a kira wani. Duk na karanta, na kuma yi kuka a bayan shago. Amma na karanta ɗayan ɓangaren ma: bugu na biyu a kan kan da bai warke ba, shi ne wanda ake tsoro. Su kulob in ka lalace suna da layin yara har Rasha. Ba mugunta ba ce, haka sana'ar take. Ni da babanka ba mu da layi.

Kuma na san ba koci kaɗai kake tsoro ba. Ranar Juma'a na gan ka a ƙofar masallaci, dattijon nan mai sayar da turare ya riƙe hannunka yana cewa, "Ɗan ƙanƙara, yaushe za mu gan ka a akwati?" Hajiya ma, da "bon" ɗinta na Faransanci, kullum sai ta ce, "Bon, Maman Abba, wace tasha za mu kama?" Ka yi murmushi, amma na ga wuyanka ya ƙage. Kayan da na ɗora maka ne. Kana tunanin in ka ce kanka yana ciwo aka dawo da kai gida, uwarka za ta rasa inda za ta sa fuskarta a 125th.

In faɗa maka gaskiya, na samo lambar mai kula da lafiyar 'yan wasan kulob ɗin, ka san ni da bincike. Na rubuta masa saƙo da Turancina, Ummi ta gyara min. Na daɗe ina kallon sa, sai na goge. Kai ba ɗan shekara tara ba ne yanzu, kuma in na tsallake ka sau ɗaya ba za ka ƙara bari in ga komai ba. Maganar taka ce, daga bakinka ya kamata ta fito.

Amma akwai abin da yake nawa, shi kuma na yi shi. Da safen nan, motarku tana tashi, na koma duk guruf ɗin da na yi wancan cika bakin. Na yi saƙon murya, ban rubuta ba, don kowa ya ji ni ce. Na ce, jama'a, ni na yi gaggawa. Abba bai shiga babbar gasa ba, ƙaramin kulob aka tura shi, kuma yana iya yin watanni bai buga ba, yana iya dawowa gida ma, kuma in ya dawo ni zan je tasha in ɗauko jakarsa. Ban ambaci kanka ba, wannan sirrinka ne. Na tura.

Ka san me ya faru? Wata ta turo hoton hannu biyu na addu'a. Wata ta ce ita dama ba ta san mene ne hokin ba. Wata mata da ba ma shiri ta saurara, na san za ta kai labari, ta kai. Hajiya ta kira ni daga cikin jirgin ƙasa ta ce, "Ke dai kin cika baki wallahi, bon, Allah ya ba shi lafiya, ki kunna ruwan zafi ina zuwa." Shi ke nan fa. Kunyar da kake tare min, na riga na shanye ta tun kafin ku fita daga New Jersey, kuma ga ni zaune, ban mutu ba. Ba sauran fuskar da za ka kare da kanka.

Saboda haka jibi, in ka shiga ɗakin nan aka rufe ƙofa, ba Harlem a bayanka, ba Kano, ba ni. Kai ne da likita. Ka faɗa masa.

Allah ya tsare min kai daga saman kanka har tafin ƙafarka. Ya tsare ka a ƙanƙara, ya tsare ka a hanya, ya tsare ka daga abokin da zai ce ka daure. Ya ba ka ƙarfin zuciyar buɗe baki. In hokin nan alheri ne gare ka Allah ya riƙe maka gurbinka har ka warke, in kuma ba shi ba ne ya dawo min da kai kana gane kowa. Ka rage hasken wayar, in karatun yana sa maka ciwon kai ka ajiye, ka ƙarasa in kun tsaya.

Ga mai kitso ta shigo.

Mamanka